Maraƙar Ƙarshe a Rugar Abokina

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye aikin gwamnati ba, wani abu ya faru tsakanina da abokina wanda har yau idan na tuna shi sai in yi murmushi, wani lokaci kuma in yi shiru. Tun da matasan da ke bibiyar wannan shafi sun yawaita tambayata a kan zawon maruƙa, na ga ya fi dacewa in ba ku labarin, maimakon in jero muku sunayen magunguna kamar mai tsaron kemis.

Ga waɗanda ba su san ni ba, malamin dabbobi ne ni, irin na da, waɗanda aka karantar da alli da bulala, aka kuma hore su da kada su taɓa dabba sai sun tsaya sun kalle ta. Kusan duk aikina tsakanin Batsari da Safana na yi shi, a kan keke da farko, daga baya a kan babur. Amma kafin in zama malamin dabbobi, ɗan mahauta ne ni. Gidanmu gidan fawa ne kaka da kakanni, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini riƙon wuƙa tun kafin malamin makaranta ya koya mini riƙon alƙalami.

Abokina Bafulatani ne, makiyayi. Mun haɗu muna samari a wani sansanin allurar shanu kusa da Zakka, zamanin da Fulani in suka hango mu da kaki sai su kora dabbobinsu daji, suna zaton ƙidayar jangali ce ta zo. Shi ne ya fara kawo nasa, sauran suka biyo baya. Ranar da ya ji asalina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gwamnati ta rasa wanda za ta ba amanar shanu sai ɗan mahauta, an ba kura ajiyar nama. Tun daga nan yake ce mini Kaɗo, ni kuma ina ce masa Fillo, har muka yi furfura a haka.

Abin da ya sami yankinmu, wanda ba sai na tsaya bayaninsa ba, shi ma ya same shi. Garken da a da sai ka gaji da kallo kafin ya gama wucewa, ɓarayin shanu suka kore shi, suka bar masa 'yan tsiraru. Ya tattara iyalinsa ya dawo kusa da Yasore, ya kafa 'yar ruga a gefen wata gona. A cikin abin da ya rage masa akwai wata farar saniya mai baƙin kunne, tsohuwa tukuf, haƙoranta sun cinye. A al'adarsu, ranar da aka raɗa wa yaro suna akan ba shi karsana, wato budurwar saniya, ta zama tushen dukiyarsa. Wannan tsohuwa jinin karsanar sunan abokina ce, daga uwa zuwa 'ya, kuma ita kaɗai ta rage a wannan jinin. A shekarar, bayan kowa ya fid da rai, sai ta haifi maraƙa mace. Kowa a rugar ya san wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. Idan maraƙar ta rayu, jinin ya ci gaba. Idan ta mutu, abin da mahaifinsa ya ba shi ranar suna ya ƙare a hannunsa.

Wata safiya a farkon damina, an kwana ana ruwa, wayata ta yi ƙara. Abokina ne. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwata, ya tambayi ruwa ko ya sauka a wajenmu, ya tambayi maƙwabta. Sai da na yi zaton gaisuwar ce kawai ta kawo shi, sannan ya ce, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu:

“Kaɗo, maraƙar tsohuwar nan ce ta kwanta. In ka samu sarari, ka leƙo yau.”

A duk zamanmu ban taɓa jin ya ce mini in zo yau ba. Yakan ce wata rana, ko in Allah ya kai mu kasuwa.

A nan dole in faɗa muku gaskiyar tsufa: mutum in ya ajiye aiki, wayarsa ma ajiye aiki take yi. Da na ji ana nemana, sai na ji ƙuruciya ta dawo mini. Na sauko da tsohuwar jakata daga kan durowa, na kaɗe ta, na duba ma'aunin zafi da abin sauraren ƙirji da safar hannu. Sannan na yi wanka, na zura farar babbar rigata mai aiki, na kafa hula. Mai ɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Alhaji, ruga za ka ko ɗaurin aure?”

Na ce mata likita ba ya zuwa wurin mara lafiya a wulaƙance. Ta ce to, Allah ya ba mara lafiya lafiya, ya kuma ba mai wanki haƙuri.

Mai babur ya sauke ni a bakin rugar da hantsi. Abokina ya tarye ni da sandarsa a kafaɗa, aka shimfiɗa tabarma, matarsa ta kawo ƙwaryar nono. Muka sake gaisuwa daga farko, kamar ba mu yi waya ba. Duk tsawon wannan lokaci ina jin kukan saniya daga can gefe, kuka ɗaya bayan ɗaya, ba hutawa. Na hango tsohuwar a ɗaure a jikin turke, hantsarta ta cika tam, tana jan igiya tana fuskantar bayan bukka.

Daga ƙarshe ya miƙe, na bi shi. A gindin wani marke na tarar da maraƙar. An kwantar da ita a gefenta na hagu, an fuskantar da ita alƙibla. Kusa da wuyanta an haƙa ɗan rami. Ga buta cike da ruwa, ga wuƙa a kan faifai, bakinta yana sheƙi, an wasa ta da safiyar nan. Wanda ya tashi a gidanmu ba ya bukatar a fassara masa wannan shiri.

“Fillo, wannan fa?”

Ya dubi kan sandarsa. “Ka fi ni sanin abin da ka gani.”

“Wato ba likita ka kira ba.”

“Likita an makara da shi, Kaɗo. Ba za ta kai gobe ba. Ba na so ta tafi mushe, karnuka su ja ta a bayan ruga. Hannuna kuma ba zai iya ba. Na duba ban ga wanda zan bari ya taɓa wuyanta ba sai kai.”

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya sosu. Ga ni tsaye da babbar riga da jaka, da takardun shaida a bangon ɗakina, da duk shekarun da na yi ina yawo rana da ruwa, ashe ɗan mahauta ake nema. Na buɗe baki zan yi masa jawabi, sai na dubi fuskarsa na fasa. Bafulatani ba ya nuna baƙin cikinsa a fili, wannan kunya ce a wurinsu, amma na ga leɓensa na ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na ce, “To, na ji. Amma tun da mahauci ka kira, ka san ƙa'idar gidanmu. Ba ma yanka dabba sai mun duba ta. Matsa can.”

Na naɗe hannuwan riga na durƙusa. Idanunta sun faɗa ciki, har akwai ɗan fili tsakanin ƙwayar ido da fatarsa. Na kama fatar wuyanta na ja na saki, ta tsaya a tattare kamar tsumma, ta daɗe kafin ta koma. Kunnuwanta da ƙafafunta da sanyi. Cinyoyinta da wutsiyarta duk sun ɓaci da zawo mai ruwa-ruwa, launin ruwan ƙwai, amma ban ga jini a ciki ba. Na sa ma'aunin zafi, babu zazzaɓi, jikin ma ya ɗan yi ƙasa da yadda ya kamata. Na matsa cibiyarta, ba kumburi, ba ruwa, ba ta kuma zabura ba. Na bi gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya, babu mai zafi. Na saurari ƙirjinta, huhun sarai yake, zuciyar tana bugawa da sauri, a raunane. Sannan na wanke hannuna na sa yatsa a bakinta, na jira. Bakin da ɗan sanyi, a bushe. Can sai na ji harshenta ya naɗe yatsana, ya ja, kaɗan ƙwarai, kamar mai jin kunya.

A kan wannan ɗan jan na dogara. Da babu shi, sai dai ƙarin ruwa ta jijiya, ni kuma ba ni da kayansa.

“Yaushe rabonta da nono?”

Ya ce tun da zawon ya fara ya lura duk ta sha sai ya ƙaru, don sabuwar ciyawa ta sa nonon uwar ya yi yawa. Sai ya raba su, ya hana ta ruwa kuma, don cikin ya bushe. Ya jiƙa mata bagaruwa ya ɗura mata. Haka ya ga iyayensa suna yi, kuma ba laifi, wani lokaci maraƙi mai ƙarfi yakan tsallake.

Na ce, “Fillo, ba zawon ne ke kashe ta ba, ƙishirwa ce. Tulu ne ya huje, kai kuma ka daina zuba ruwa don kada ya zube. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana.”

“In ta shammace ka fa? Ka san yadda suke yi. Kana kallo sai ka ga babu.”

“Kawo wuƙar nan.” Ya miƙo mini, na tura ta ƙarƙashin tabarmar da na jawo, daidai inda hannuna na dama zai kai. “Daga nan ba zan tashi ba. In na ga alamar tafiya, ba sai ka ce mini komai ba. Na san ta a makaranta, na kuma san ta a gidanmu. Idan kuwa ta shammace ni, ka shiga kasuwar Batsari ka gaya wa kowa ɗan mahauta ya zauna da wuƙa a gefensa dabba ta mutu mushe. A danginmu babu abin kunyar da ya kai wannan.”

Sannan ya ce, “Kai dai Kaɗo ba ka rabo da gardama,” ya zauna a kan saiwar marken.

Na roƙi matarsa ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce har ya zama kamar ɗumin nonon da aka tatsa yanzu. Na sa gishiri kaɗan, da zuma, da ɗan mitsitsin kanwa, gwargwadon yadda aka koya mana a lokacin da babu ƙunshin garin da ake sayarwa yanzu. Ta kawo sukari na mayar mata, domin cikin ɗan maraƙi bai iya narkar da sukarin shayi ba tukuna, ƙara masa zawo yake yi. Aka samo kwalbar lemo, na yanke yatsa ɗaya daga safar hannuna, na huda shi na ɗaure a bakin kwalbar. Na tayar da maraƙar daga kwanciyar yanka, na zaunar da ita a kan ƙirjinta, na tokare ta da gwiwata, muka lulluɓe ta da bargo. Ba a ɗaga kan maraƙi sama a ɗura masa ruwa, huhu zai tafi. Sai dai ka sa masa a baki ka jira ya haɗiye da kansa.

Ta haɗiye. Ta huta. Ta sake haɗiyewa. Haka muka yi ta yi, kurɓi kurɓi, tsohuwar tana ta kuka a turke.

Da azahar ta yi muka yi salla bi da bi, don kada a bar ta ita kaɗai. Abokina ne ya fara tafiya yin tasa. Yana bayar da baya sai matarsa ta zo da sabon ruwan ɗumi, ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi ƙasa da murya.

“Likita, akwai maganar da zan faɗa, amma kada ta wuce nan.”

“Ina jin ki, uwargida.”

“Kullum in ya kora shanu da safe, nakan tatso kaɗan in tsoma yatsuna in ba ta. Ba da yawa ba. Ko shi ne ya ɓata ta?”

Na ce mata da ba don wannan ba, da ramin nan ya riga ya yi aikinsa kafin a kira ni. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara mayafinta.

“Ai dama shanun ne nasa,” in ji ta. “Nonon nawa ne.”

Na riƙe mata amanar shekara da shekaru. Da izninta nake faɗa yau, don ita da kanta ta riga ta gaya masa, a wata rana da suka yi musu a kan wani abu dabam.

Bayan azahar ne abin ya so ya juye. Maraƙar ta saki kwalbar, ta miƙe wuya, kanta ya tafi gefe, numfashin ya yi nisa. Abokina ya miƙe tsaye. Ni ma ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙarƙashin tabarma ba, sai dai na ji ƙotar wuƙar a tafina. Da ɗaya hannun na taɓa gefen idonta. Ta ƙifta. Na sa kunne a ƙirjinta, ba tare da na tsaya neman abin saurare ba. Zuciyar tana nan, ta ma fi ta safe nauyi. Can sai ta ja dogon numfashi, ta motsa kunne don korar ƙuda. Barci ne ya ɗauke ta, barcin wanda ya gaji.

“Zauna, Fillo,” na ce. “Kana tsare mini iska.”

Ya zauna. Ni kuma na zare hannuna a hankali, na goge zufar tafina a jikin riga ba tare da ya gani ba.

Da ta farka jan ya ƙara ƙarfi, har kwalbar tana ƙara. Wajen la'asar sakaliya, ina riƙe da ita a jikin gwiwata, sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Na ɗaga bargon. Fitsari take yi, sosai, a kan farar babbar rigata, daidai wurin aikin.

“Alhamdu lillahi!” Na faɗa da ƙarfin da ban yi niyya ba. “Fillo, zo ka gani! Ta yi fitsari!”

Ya leƙo, ya dube ni, ya dubi rigar. “Kaɗo, ko dai rana ce ta taɓa ka? Yau na ga mutumin da ake yi wa fitsari yana godiya.”

Na bayyana masa cewa jikin da ya bushe ba ya fitar da fitsari, yana riƙe ɗan abin da ya rage masa. Tun da ya saki, ruwan ya isa inda ake so ya isa. Na ce ya je ya kwance tsohuwar.

Ba a ja ta ba, ita ta ja shi. Ta iso tana gunji ƙasa-ƙasa, ta bi 'yarta da lasa tun daga kai har wutsiya, har ta kusa ture ni. Maraƙar ta yi yunƙurin tashi ta faɗi. Matar abokina ta kawo zani, muka zura shi ta ƙarƙashin cikinta, ni da shi muka kama gefe-gefe muka ɗaga, tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa. Ta yi ta lalube da hanci, ta kuskure, ta sake, sannan ta kama. Da muka ji ƙarar haɗiya, muka kuma ga 'yar wutsiyar nan da ta ɓaci tana kaɗawa, sai abokina ya miƙa wa matarsa gefensa na zanin, ya juya mana baya, ya tafi wai zai duba wata igiya. Igiyar nan ta daɗe ana duba ta.

Da ya dawo bai yi mini godiya ba, ni ma ban jira ta ba. Ya sa ƙafa ya tura ƙasa cikin ramin nan har ya cike, ya tattake shi. Sannan ya ce mai babur ba zai samu zuwa ba in duhu ya yi, gara in kama hanya.

Na yi ta komawa a kwanakin da suka biyo. Muka ci gaba da ruwan tsakanin shan nono da shan nono, muka ɗauke dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, daga wurin da ya yi laka muka mayar da shi kan tudu mai yashi, don ƙazantar wurin kwana ita ce ta kawo ciwon tun farko. Rigar kuwa ba ta sake zuwa ɗaurin aure ba.

Ku matasa masu kiwo, ga abin da zan bar muku. Maraƙi in yana zawo, kada ku raba shi da uwarsa, kada ku hana shi ruwa. Ku dubi idonsa, ku ja fatarsa, ku taɓa cibiyarsa, ku sa yatsa a bakinsa, kafin ku ruga sayen allura. In kun ga jini, ko zazzaɓi, ko bakin ya daina ja, ku nemi malamin dabbobi a ranar, kada kunya ko nauyin baki su sa ku jira.

Abin da ya shafe ni kuwa, na daɗe kafin in fahimce shi. A ranar na ɗauka an rage mini daraja. Yanzu da na ƙara tsufa na gane cewa likita kowa yana iya kiransa, har wanda bai san sunansa ba. Amma aikin da hannun mutum ya kasa, a kan abin da ya fi so, ba ya kiran kowa sai wanda ya ɗauka ɗan'uwa.

Tsohuwar ba ta ga wata damina ba. Abokina kuma daga baya zama ya gagara, ya bi 'ya'yansa kudu da ɗan abin da ya rage, maraƙar tana cikinsu, ta zama saniya, ta hayayyafa. Ƙafafuna ba za su kai ni can ba, nasa ma ba za su kawo shi nan ba. Sai dai waya. Idan ya kira, bayan ya gama tambayar iyali da gwiwa da ruwa, sai in ji yana tafiya, in ji ƙarar kofato da numfashi mai nauyi, sannan ya ce:

“Kaɗo, ga mara lafiyarka. Gaishe ta.”

Ni kuma in gyara zama a kan kujerata, jikokina suna toshe baki suna dariya, in ce, “Barka da yamma, Hajiya. Ya jiki?”